Daga Jigo Zuwa Madatsa: Tarihin Lambu a Ƙasar Tsibiri

Kakana na wajen uwa bai taɓa shiga aji ba, amma daga bakinsa na fara jin tarihin lambu a ƙasarmu. Ya ce kafin a datse Gulbin Sakkwato, ruwa ne ke tsara wa mutanen Maradun da Bakura da Talata Mafara aikinsu na shekara. Gulbi ya cika da damina, ya malala cikin fadama, ya shimfiɗa laka, sannan ya janye. Da kaka ta wuce sai magidanci ya ja fangali, ya kafa jigo a gaɓar ruwa, ya shuka albasa da tattasai da dankali da taba. Lakar nan da kashin awaki su ne taki. A nan yaro ke koyon ban ruwa tun bai iya riƙe fartanya sosai ba.

Lambun makaranta ya yi ƙarfi ne daga baya. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta umarci makarantu da ma'aikatu su yi noma, kuma a shekarar ce aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Kawuna yana cikin yaran da aka ɗiba. Yana tuna cewa kowane aji da fangalinsa na alayyafo da yakuwa, kuma kowane ɗalibi yakan zo da gwangwanin ruwa da safe. Iyaye sun yi ta dariya, wai boko zai koya wa ɗan manomi shuka. Duk da haka, a can kawuna ya fara ganin latas da karas.

A daidai lokacin da yara ke ban ruwa da gwangwani, kamfanin Impresit na Italiya yana gina madatsar Bakolori, wadda aka fara a 1974 aka kammala a 1978. An tsara ta shayar da hekta 23,000. A takarda, wannan lambu ne da ya fi na kowa girma. A ƙasa kuwa, tafkin ya cinye gonaki da ƙauyuka a yankin Maradun, aka tayar da mutane zuwa tudun da ba ya noma kamar fadama. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin an hana su shuka har sai an gama baje ƙasa, aka sare musu itatuwan amfani, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Na ƙasan madatsa su ma ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu ta ragu. Manoma suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke lissafawa. Kakana ba ya son a ta da zancen ranar.

Ba zan ce madatsar ba ta amfane mu ba; shinkafar da ake lodi a kasuwar Talata Mafara shaida ce. Amma injinan yayyafa ruwa da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu sun daɗe da mutuwa, magudanai suka cushe, har sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a 2014 don gyara. Abin da ya maye gurbin jigo a hannun talaka shi ne ƙaramin injin fetur da rijiyar burtsatse ta fadama, wato abin da mutum ɗaya zai iya saye, ya gyara, ya ɗauka a babur.

Yau kuma 'yan bindiga sun sa gonar nesa ta zama abin tsoro, wasu ma sai sun biya haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Da na dawo daga jami'a na tarar mahaifiyata ta jera tsofaffin buhuna a bayan ɗaki, ta cika su da ƙasa da taki, ta shuka kuɓewa da tumatir, tana shayar da su da ruwan da aka wanke shinkafa. Filin da muka yi lambu a makarantarmu ta firamare yana nan, sai dai shingensa ya faɗi, awakin unguwa ne ke kiwo a ciki.