Karatun aji na lasisin matuƙin jirgin sama mai zaman kansa

Karatun aji shi ne ilimin da ɗalibi yake koya a ƙasa, ya kuma ci jarrabawarsa, kafin a ba shi lasisin matuƙin jirgin sama mai zaman kansa. Mai wannan lasisi yana iya tuƙa ƙaramin jirgi ya ɗauki iyalinsa ko abokansa, amma ba a yarda a biya shi kuɗin tuƙi ba.

Hukumomi

Ƙa'idojin karatun sun fito ne daga ICAO, hukumar duniya mai kula da jiragen farar hula, wadda Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta samar. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisin. Sanannen wurin koyon wannan ilimi a Arewa shi ne Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon ICAO.

Darussa

Ɗalibi yana karanta dokokin sararin samaniya, da sassan jirgi da injinsa, da yadda fuka-fuki ke ɗaga jirgi, da lissafin nauyi da mai. Akwai kuma ilimin yanayi, da karanta taswira, da magana da hasumiya ta rediyo, da matakan gaggawa, da sanin yadda gajiya da ƙarancin iskar shaƙa ke rage tunanin matuƙi.

Sharuɗɗa

Bisa ƙa'idar ICAO, sai mutum ya cika shekara 17, likitan jiragen sama ya tabbatar da lafiyarsa, sannan ya yi aƙalla awa 40 yana tuƙi. Awa 10 daga ciki shi kaɗai zai yi su, har da tafiya ɗaya ta kilomita 270 da zai sauka a filaye biyu daban.

Yanayin Arewa

Sabon matuƙi da idonsa yake tafiya, shi ya sa doka ta buƙaci ya iya hango nisan kilomita 5 a mafi yawan hanyoyin ƙasa-ƙasa. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe Kano da Katsina har nisan gani ya gaza haka. Dole ɗalibi ya iya karanta rahoton yanayi na hukumar NiMet, ya san ranar da zai fasa tashi.

Zafin bazara ma yana da tasa matsalar. Ana auna ƙarfin jirgi ne da iska mai zafin digiri 15 a bakin teku. Idan zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, iska takan yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya tashi. Matuƙin da bai yi wannan lissafi ba, ya cika jirgi da kaya, titin tashi zai iya ƙare masa tayoyinsa suna ƙasa.