Yadda ake fara kiwon kaji a gida a gari mai zafi irin Makka

A ƙasar Hausa da wuya a shiga gida a rasa akurki a gefen tsakar gida. Hausawan da suka daɗe da zama a unguwannin Makka, irin su Misfala da Jarwal da Shara Mansur, sun fito ne daga wannan al'ada. Sai dai wanda zai fara kiwon kaji a birnin yana da babban abokin gaba da ya kamata ya yi wa tanadi tun kafin ya sayi kaza ko ɗaya, wato zafi.

A watannin bazara zafin Makka kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma lokacin aikin Hajjin 2024 ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Duk da haka kiwo na yiwuwa: kamfanin Fakieh, ɗaya daga cikin manyan masu kiwon kaji a Saudiyya, daga Makka ya samo asali. Darasin ya shafi masu kiwo a Sakkwato da Maraɗi da sauran garuruwa masu zafi.

Me zafi ke yi wa kaza?

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta ya kai digiri 41 zuwa 42, kuma ta fi sakewa a yanayin digiri 18 zuwa 24. Idan zafi ya wuce 30 sai ta fara haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci. Daga nan ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Idan abin ya tsananta takan mutu cikin 'yan sa'o'i.

Akurki kafin kaji

A fara da tambayar hukumar birni, wadda ake kira Baladiyya, ko an yarda da kiwo a unguwar, sannan a nemi yardar mai gida da maƙwabta, musamman idan za a ajiye zakara. Ta fuskar addini kuwa, malamai sun bayyana cewa haramcin farauta a Harami bai shafi kajin gida ba.

A kafa akurki a inuwa, tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma domin kada rana ta riƙa shiga ta gefe. A kewaye shi da ragar waya don iska ta ratsa, ta kuma tsare kajin daga kyanwa da ɓera. Rufin kwano tsirara tanda ne. A shimfiɗa masa tabarma ko ganyen dabino. Mai kiwo a saman bene ya zuba yashi ko ɓuntun shinkafa a ƙasa, domin siminti na riƙe zafi. Kada a wuce kaji uku a kowace murabba'in mita.

Waɗanne kaji, kuma nawa?

Kaji biyar zuwa goma sun ishi mai koyo. Zai fi sauƙi a fara da sagarori maimakon 'yan tsaki, waɗanda renonsu ke da wuya. Kajin gida, da ake kira baladi a Saudiyya, da nau'in Fayoumi na Masar sun fi jure zafi fiye da kajin gidan gona masu nauyi. A Najeriya akwai Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar.

Kazar gida da ke kiwon sake kan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ta zamani kuwa takan haura 250. Kaza na yin ƙwai ko babu zakara. Ana buƙatarsa ne idan ana son ƙyanƙyasa, wadda ke ɗaukar kwana 21. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma.

Ruwa da abinci

Kaza mai ƙwai na cin kusan giram 110 zuwa 120 a rana, kuma shan ruwanta kan ninka a lokacin zafi. A ajiye ruwan a inuwa, a sauya shi aƙalla sau biyu a yini. A ba da abinci da sassafe da kuma yamma, domin narkar da shi na ƙara zafin jiki. Dusa da ragowar abinci kaɗai ba sa wadatar da mai ƙwai, sai an haɗa da abincin kaji na kanti.

Rigakafi

Cutar Newcastle na iya share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Akwai nau'in rigakafin I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke samarwa. Murar tsuntsaye ma barazana ce: ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, da kuma Riyadh a 2017.

Duk sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu, a kuma hana tattabaru shan ruwan kajin. Idan kaji suka fara mutuwa a jere, kada a yanka a ci ko a sayar. A sanar da likitan dabbobi nan take.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne watan Nuwamba, bayan zafi ya sauka, domin kajin su yi ƙwari kafin bazara ta zagayo.