Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Ɗakin Gwaji: Sankarar Mama da ta Bakin Mahaifa da Matsalar Samfur a Yankin Bakolori, Jihar Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar binciken asibiti da na ƙwayoyin gado da aka wallafa kan sankarar mama da ta bakin mahaifa a Nijeriya, ta kuma auna shi da yanayin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Manyan ayyukan da ake kafa hujja da su a kudu aka yi su, galibi a Ibadan. Maƙalar ta nuna cewa ingancin gwajin nau'in sankarar mama ya rataya ne a kan yadda aka riƙe samfur tun daga hannun mai tiyata, kuma tsargiya na iya rikita tantance bakin mahaifa da ido a yankin noman rani. Ta ba da shawarar a fara bincike daga waɗannan wurare biyu kafin a kai ga gwaje-gwaje masu tsada.

1.0 Gabatarwa

Ƙiyasin Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata sama da 28,000 sun kamu da sankarar mama a Nijeriya, sama da 14,000 kuma sun rasu. Sankarar bakin mahaifa ta kama kimanin 12,000, ta kashe kusan 8,000. An gina irin wannan ƙiyasi ne a kan rajistar masu ciwon daji ta birane irin su Ibadan, wadda aka kafa a 1960, da Abuja da Kalaba. Matar da ta rasu a gida a wani ƙauyen Maradun, ba tare da an taɓa yankar tsokarta an duba ba, ba ta shiga littafin kowa ba.

Ƙananan hukumomin nan uku suna cikin shiyyar Zamfara ta Yamma, kuma madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ce ta haɗa su ta fuskar noma da kasuwa. Mara lafiyar da ciwonta ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma akan tura ta Gusau, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da sashen gashi. Tafiyar ba ta da tabbas saboda 'yan bindiga. A watan Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Duk tsarin binciken da ya ɗauka cewa mace za ta je ta dawo sau uku ko huɗu, bai san yankin ba.

2.0 Hanyar Nazari

An zaɓi ayyukan da aka yi a kan matan Nijeriya ko na karkarar da ta yi kama da tamu, tare da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da na ƙungiyoyin likitocin nazarin tsoka. An bi kowane sakamako da tambaya guda: me zai faru da shi idan aka kawo shi Mafara ko Bakura?

3.0 Sankarar Bakin Mahaifa

Tun 1983 da 1984, lokacin da ayarin Harald zur Hausen a Jamus ya gano nau'in ƙwayar cutar HPV na 16 da na 18 a cikin tsokar masu wannan ciwo, aka san musabbabinsa. Ƙwayar cutar na yaɗuwa ta saduwa, kuma jikin mafi yawan mata na kawar da ita cikin shekara biyu. Wadda ta zauna ita ce abin tsoro. Tana fitar da furotin biyu, E6 da E7. Na farko yana lalata p53, wanda aikinsa shi ne tsayar da tantanin da ya lalace ko ya kashe shi. Na biyu yana kama pRb, mai hana tantani rabuwa ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan zuwa sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko ƙasa da haka ga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wadda haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Wannan doguwar tazara ita ce damar tantancewa.

Nau'in 16 da 18 ne ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na ciwon a duniya. Sai dai binciken Thomas da abokansa a unguwar Idikan ta Ibadan, wanda aka wallafa a 2004, ya samu ƙwayar a jikin kashi 26 cikin 100 na mata 932, kuma nau'in 35 na cikin waɗanda suka fi yawa. Babu nau'in 35 a rigakafin Gardasil mai kare nau'i huɗu da Nijeriya ke bayarwa, babu shi ma a mai kare nau'i tara. Wannan ba hujjar raina allurar ba ce. An ƙaddamar da ita a ranar 24 ga Oktoba 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, Zamfara kuma ta shiga zagaye na biyu a Mayun 2024. A jihar da ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, karɓar wannan allura ba ƙaramin abu ba ne. Amma yarinyar da aka yi wa a 2024 ba za ta kai shekara 30 ba sai tsakanin 2040 da 2045. Iyayen waɗannan yara mata da yayyensu, tantancewa ce kaɗai ta rage musu.

Hanyar da ta fi araha ita ce duba da ruwan kal. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe farji da ƙarfe, ta shafa ruwan mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila. Wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari da iyaka bayyananna. A nan ne yankin Bakolori ke da tasa matsala. Magudanan noman rani mazaunin katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, mata da 'yan mata kuwa a nan suke wanki da ɗiban ruwa da dashen shinkafa. Ƙwan tsutsar ba a mafitsara kaɗai yake maƙalewa ba, yana zama a bakin mahaifa, ya bar tabo mai kama da yashi da jijiyoyin jini marasa tsari, ga zubar jini da an taɓa. Mai dubawa da ba ta saba ba tana iya ɗaukar tsargiya a matsayin mafarin sankara, ta ƙona wurin da ƙwayar praziquantel ce maganinsa, ko ta yi akasin haka, wanda ya fi muni.

Gwajin DNA na HPV bai dogara da ido ba. A gundumar Osmanabad ta Indiya, Sankaranarayanan da abokansa sun bi mata sama da 130,000 na karkara, suka wallafa a 2009 cewa gwajin HPV sau ɗaya ya rage mutuwa da kusan rabi, alhali duba da ruwan kal bai nuna irin wannan ragi ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a gaba, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10. Abin da ya fi dacewa da matan kulle shi ne mace na iya ɗaukar samfurin da kanta a ɗakinta da ɗan tsinken auduga. Na'urar GeneXpert da shirin yaƙi da tarin fuka ya rarraba a asibitoci da dama na iya karanta shi cikin kamar awa ɗaya, a kuma yi wa wadda ta cancanta magani a ranar da ƙaramar na'urar zafi mai aiki da batir.

4.0 Sankarar Mama

A nan ciwon ba ɗaya ba ne. Ana rarrabe shi da gwajin rini a kan tsoka, a duba ko tantanin na da makarɓin sinadarin istirojin, da na furojestaron, da furotin HER2. Mai makarɓin istirojin tana amfana da tamoxifen, ƙwaya ɗaya a rana, mai araha, wadda shanta shekara biyar ke rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai HER2 na buƙatar trastuzumab, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi. Wadda ba ta da ko ɗaya cikin ukun, kimo ne babban abin da ya rage mata bayan tiyata da gashi.

Wane iri ne ya fi yawa a matan Nijeriya? Huo da abokansa, a 2009, sun duba samfur 507 daga Nijeriya da Senegal, suka samu makarɓin istirojin a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kacal. Shekara guda kafin nan, Adebamowo da abokansa a Ibadan sun samu kusan kashi 65 cikin 100. Yanki ɗaya, kusan lokaci ɗaya, amma wani adadin ya ninka wani fiye da sau biyu. Bitar da Eng da McCormack da dos-Santos-Silva suka yi a 2014 kan ayyukan Afirka ta nuna cewa samfurin da aka tara da gangan domin bincike ya fi nuna makarɓin a kan tsohon da aka zaƙulo daga ma'ajiya. A ganina, wani kaso na abin da ake kira halittar matan Afirka, halin kwalba ne da fomalin.

Ƙa'idar a fili take. Tsoka ta shiga fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda aka daidaita tsaminsa, cikin awa ɗaya da yankewa; ruwan ya ninka girmanta sau goma; ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Fomalin na ratsa nama ne kimanin milimita ɗaya a awa. Mai kilishi ya san dalilin da ya sa yake fere nama siriri: dunƙule yakan bushe a baya ya ruɓe a ciki. To a kwatanta da abin da aka saba gani a ƙananan asibitoci. An cire nono ɗungurungum da rana tsaka, ya jira a tasa har a gama ɗinki. A sa shi a bokitin roba ba a tsattsaga ba, a zuba fomalin da aka tsarma da ruwan famfo, wanda da ƙyar ya rufe shi. A miƙa wa miji ko ƙane, shi kuma sai ya sayar da buhun shinkafa ya haɗa kuɗin mota da na gwaji, wataƙila bayan mako. Kafin bokitin ya isa Gusau ko Sakkwato, tsakiyar ƙullutun ta narke, gefensa ya wuce lokaci. Rini ba zai kama ba, takarda ta fito da cewa babu makarɓi, a hana mace ƙwayar da za ta iya saya a kemis.

Likitan nazarin tsoka na da hanyar ganewa. Lafiyayyun bututun nono da ke gefen ƙullutun dole wasu tantaninsu su kama rini. Idan su ma ba su kama ba, samfurin ne ya lalace, kuma abin da ya dace a rubuta ke nan.

Duk da haka akwai bambancin da ba na kwalba ba ne. Zheng da abokansa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, sun wallafa a 2018 cewa cikin mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan, kashi 14.7 na ɗauke da lahanin gado: kashi 7.0 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, saura a irin su PALB2 da TP53. Da jini aka yi wannan gwaji, don haka fomalin bai shafe shi ba. Ba a kai ga yi wa kowa shi a Bakura ba, amma tambayar tarihin dangi kyauta ce, muddin an tambayi ɓangaren uba, goggo da kaka, domin ta nan ma ake gado, an kuma haɗa da sankarar ƙwan mace.

Jinkiri kuwa sananne ne. Ƙullutu marar zafi ba ya tayar da hankali, mai shayarwa ta ɗauka kumburin nono ne, a bi ta wajen wanzami da mai magani, sai ya fashe a nufi asibiti. Binciken ABC-DO, wanda McCormack da abokanta suka wallafa a 2020, ya samu cewa kashi 36 cikin 100 ne na majinyatan Nijeriya, a Owerri da Aba, suka kai shekara uku a raye, mafi ƙaranci cikin ƙasashen da aka bi.

5.0 Inda Ya Kamata Bincike Ya Fara

Na farko, binciken agogo. A manyan asibitocin ƙananan hukumomin uku, kowane samfurin nono ya tafi da takarda mai ɗauke da lokacin yankewa, lokacin shiga fomalin, da lokacin isa ɗakin gwaji. A ba ɗakunan tiyata fomalin da aka haɗa bisa ƙa'ida, a koya wa ma'aikata tsattsaga nama da kaurin santimita ɗaya, asibiti ya ɗauki nauyin kai samfur a maimakon dangi. Inda hali ya yi, a ɗebi tsoka da allura kafin tiyata, domin siririn samfur fomalin na gama ratsa shi nan da nan. Sai a kwatanta yawan masu makarɓin istirojin kafin gyaran da bayansa.

Na biyu, a bai wa mata masu shekara 30 zuwa 49 tsinken ɗaukar samfur ta hannun ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata, bayan an zauna da mazajensu da limamai da fadojin sarakunan ƙananan hukumomin uku. A haɗa da gwajin fitsari na tsargiya, a ware ƙauyukan bakin magudana da na tudu. Gwajin gaggawa na GeneXpert yakan dunƙule nau'in 35 cikin rukuni guda da 31 da 33 da 52 da 58, saboda haka a ajiye rabin kowane samfurin da ya nuna ƙwayar domin tantance nau'i ɗaya-ɗaya a ɗakin gwajin jami'a. Kada a fara rabon tsinken sai an tanadi na'urar zafi da kuɗin motar kai waɗanda ciwonsu ya wuce ƙonawa zuwa Sakkwato, an kuma sa shi cikin kasafin binciken tun daga takardar neman izini.