DAGA LAMBA ZUWA KATI: TARIHIN RIGAKAFIN YARA A ƘASAR KANKIYA DA KUSADA

Gabatarwa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma ba na jin akwai gidan da ba a san wannan karin magana ba. Amma duk da haka, har yau akwai yara masu yawa a ƙauyukanmu da ake fara yi wa allura ba a ƙarasa ba. A wannan maƙala ina so in bi sawun wannan al'amari a yankin da na fito, watau Kankiya da Kusada a tsakiyar Jihar Katsina, don in nuna wa mai karatu cewa matsalar tana da tushe a tarihi. A ganina, shekara da shekaru an saba wa mutanenmu da rigakafin da ke zuwa ya same su a ƙofar gida, alhali kuwa rigakafin yau irin wanda uwa ke tashi ta je ta nema ne, har sau shida, kowane zuwa da lokacinsa.

Zamanin Agana da Lamba

Kankiya tana bisa hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuma tsohon zango ce ta fatake. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ta Kusada ya bi a farkon 1851 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. To, hanyar da ke kawo goro da gishiri ita ce ke kawo cuta, kuma cutar da aka fi tsoro a wancan zamani ita ce agana. Takan fi ƙarfi da rani. Wanda ta kama, in bai mutu ba, ta bar masa zanzana a fuska, wani ma ta makantar da shi.

A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya nuna cewa ruwan ƙurjin da ke fito wa shanu yana kare mutum daga agana. Bayan zuwan Turawa, wannan dabara ta iso mana ta hannun En'e, aka kira ta lamba. Malamin lamba yakan sauka wurin dagaci, a yi shela, a tara yara, a ɗan tsaga damtse a shafa magani. Aikin bai yi nisa sosai ba saboda dalilai biyu. Na farko, zafin ƙasarmu yakan kashe ƙarfin maganin kafin ya isa ƙauye. Na biyu, talaka ya ga lamba ta zo ne tare da dogari, ta hanyar da haraji da jangali ke zuwa, don haka wasu iyaye sukan ɓoye 'ya'yansu.

A 1967, zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo, aka soma babban gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. An zo da busasshen magani mai jure zafi, da wata na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa ta harba magani cikin fata, ana yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. Daga 1970 ba a sake ganin agana a Nijeriya ba. An ga ta ƙarshe mai yaɗuwa tsakanin jama'a a Somaliya a 1977, sannan ranar 8 ga Mayu, 1980 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya.

Abin lura a nan shi ne, lamba ta dace da yanayin jama'ar da ba ta ajiye takarda. A yi wa mutum sau ɗaya ya daɗe da kariya, kuma tabon da ke damtsensa shi ne shaidarsa. Ma'aikaci ba ya bukatar tambaya, sai ya ce a ɗaga hannun riga. Har yanzu duk wanda ya duba damatsan dattawan Kankiya da Kusada zai ga wannan tarihi a rubuce.

Zuwan Kati

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa faɗaɗɗen shirin rigakafi don yaƙi da cututtuka shida na yara: tarin fuka, shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, sandarewar jarirai da ƙyanda. Nijeriya ta karɓi shirin a ƙarshen shekarun 1970, aka sake ƙaddamar da shi a 1984. A zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, aikin ya bunƙasa, har rahoton hukuma ya nuna an kai wajen kashi 80 cikin 100 na yara a 1990. Cikin wannan tsakani ne aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Yankinmu yana da hannu a aikin, domin Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya tana cikin masu horar da ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara.

Wannan shiri ya zo da sabon abu, watau jadawali. Tun da yawancin sababbin alluran ba su barin tabo, sai aka koma ga kati. Ga yadda ƙashin bayan tsarin yake a yau. Da haihuwa a yi allurar tarin fuka, mai suna BCG, da ta ciwon hanta, a kuma ɗiga maganin shan inna ɗigo 2 a baki. A mako na 6, da na 10, da na 14, a yi allurar Penta a cinya, rabin mililita kowane zuwa, wadda ta haɗa cututtuka biyar kuma ta shigo a 2012. Tare da ita akwai ɗigon shan inna, da allurar ciwon huhu da aka soma a 2014, da ɗigon gudawa da aka ƙara a 2022. A wata na 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, sannan a wata na 15 a maimaita ta ƙyanda.

Dalilin Lokutan

Mai karatu na iya tambaya, me ya hana a yi su duka rana ɗaya a huta? Amsar tana cikin halittar jariri. Yaro yakan zo duniya da guzurin kariya daga jinin uwarsa, wanda ke raguwa a hankali. In aka yi allurar ƙyanda da wuri, wannan guzuri sai ya kashe ta kafin ta yi aiki. In kuma aka makara, baƙon dauro ya riga allura isowa. Shi ya sa aka tsaya a wata 9. Ko a nan ma, wajen yara 15 cikin 100 ba ta kama su, dalilin ke nan na maimaitawa a wata na 15. Ita kuwa Penta, zuwan farko gabatarwa ce kawai, sai an yi uku, da tazarar aƙalla mako 4 tsakaninsu, kafin kariya ta tsaya da ƙafarta. In aka tsallake lokaci ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Haka nan kuma, alluran suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kwalbar ƙyanda ko ta BCG, in aka haɗa ta, bayan awa 6 sai zubarwa. Wannan ya sa ƙananan asibitoci ke ware ranakun allura. Uwar da ta tako daga ƙauye ta tarar ba ranar ba ce, da wuya ta sake dawowa, balle da damina.

Shekarun Shan Inna

Bayan 1990 aikin ya ja da baya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa da yara 200, yara 11 daga cikinsu suka rasu. Trovan ba rigakafi ba ne, amma zargin da ya haifar ya shafi kowace allura. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan inna, Kano ba ta koma ba sai a 2004. A 2012 Katsina tana cikin jihohin da cutar ta fi yawa. An shawo kan lamarin da taimakon sarakuna da hakimai da malamai, da 'yan mata masu bi gida gida suna shafa wa yara tawada a yatsa, har aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agusta, 2020.

Wannan nasara ce babba, amma ta ƙara dasa tsohuwar fahimta, cewa rigakafi abu ne da ake kawowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 65 cikin 100 ne suka sami Penta ta farko, amma 50 kaɗai suka kai ta uku. Sakamakon ya bayyana daga ƙarshen 2022, lokacin da mashaƙo, cutar da Penta ke tarewa, ta ɓarke a Kano da Yobe da Katsina ta hallaka yara.

Kammalawa

A nan ne nake ganin mu ɗaliban Hausa muke da rawar takawa. Matanmu ba da mako suke lissafin jego ba, da suna da arba'in da yaye suke yi. Mako 6 kwana 42 ne, watau kwana biyu bayan arba'in. Me zai hana a ce wa mai jego: allurar farko kafin suna, ta biyu da fita arba'in, sai biyu a jere wata wata? Haka kuma, mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a Kusada ta koma ɗakinta a Kankiya, kati kuwa ya kwana a ƙarƙashin katifar kaka. Kamata ya yi kati ya shiga cikin kayan da ake rako mai jego da su, kamar yadda ba a manta da tukunyar kunun kanwa. Kakanninmu jikinsu ne ya riƙe musu shaida. 'Ya'yanmu kuwa ba su da mai riƙe musu sai mu.