Kalmar “nominate” a harkar takara: ma'anarta, amfaninta da darasin Taraba

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, kalmar Ingilishi ta “nominate” takan cika takardun jam'iyyu, sanarwar hukumar zaɓe da hukunce-hukuncen kotu. A rahotannin Hausa kuwa, wani kan fassara ta da “zaɓa”, wani da “naɗa”, wani kuma da “tsayar”. Waɗannan kalmomi uku ba ɗaya ba ne a idon doka, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya taɓa kai kujerar gwamnan Taraba har gaban Kotun Ƙoli.

Asali da ma'ana

Kalmar ta samo asali ne daga Latin, daga “nominare”, wato ambata suna. A Ingilishin yau, ma'anarta ita ce gabatar da sunan mutum a hukumance domin a duba ko ya cancanci wani muƙami, ko a jefa masa ƙuri'a, ko a ba shi lambar yabo.

Abin lura shi ne, mai gabatar da sunan galibi ba shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe ba. Jam'iyya ce ke tsayar da ɗan takara, amma jama'a ne ke zaɓe. Shugaban ƙasa ne ke miƙa sunayen ministoci, amma Majalisar Dattawa ce ke amincewa. Ke nan wanda aka gabatar da sunansa yana bakin ƙofa ne, bai shiga ɗaki ba tukuna.

Daga wannan aikatau ake samun “nomination”, wato aikin gabatar da sunan, da “nominee”, wanda aka gabatar, da kuma “nominator”, mai gabatarwa.

Yadda ake gina jimla da ita

Aikatau ne mai buƙatar karɓau, dole a ambaci wanda aka gabatar. Ƙaramar kalmar da ke biyo baya ita ke fayyace manufa.

Idan aka ce “The party nominated her for governor”, ana nufin jam'iyya ta tsayar da ita takarar gwamna. Ana amfani da “for” ne kafin sunan kujerar da ake nema ko lambar yabon da ake takara a kai.

Idan aka ce “The party nominated him as its candidate”, ana nufin jam'iyya ta tsayar da shi a matsayin ɗan takararta. A nan “as” na nuna matsayin da aka ba shi.

Idan kuma aka ce “He was nominated to the committee”, ana nufin an sa sunansa cikin kwamiti. A irin wannan gini ne kalmar kan kusanci naɗi, musamman a ƙungiyoyi da kwamitocin da ba sa buƙatar amincewar wata majalisa.

Kalmomin da ake rikita ta da su

“Elect” shi ne zaɓa ta hanyar ƙuri'a. “Appoint” shi ne naɗa mutum kan muƙami. “Endorse” shi ne mara baya, kamar yadda ƙungiyar matasa ko ta 'yan kasuwa kan bayyana goyon bayanta ga wani, kuma hakan ba ya sanya sunan kowa a takardar ƙuri'a.

Haka nan akwai bambanci tsakanin “aspirant”, mai neman jam'iyya ta tsayar da shi, da “candidate”, wanda ta riga ta tsayar. Sayen fom ba ya mai da mutum ɗan takara. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa kan naira miliyan 100, PDP kuma kan naira miliyan 40, mutane da dama suka saya, amma mutum ɗaya kowace jam'iyya ta tsayar.

A fagen zaɓe

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka gudanar da babban zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta yi amfani da kalmar a matakai biyu. Na farko shi ne na jam'iyya: sashe na 84 ya wajabta zaɓen fidda gwani, ko dai ta 'yar tinƙe, ko ta wakilai, ko ta maslaha, kuma hukumar INEC ta sa ido. Sashe na 29 ya ce a miƙa sunayen waɗanda suka yi nasara aƙalla kwana 180 kafin ranar zaɓe.

Mataki na biyu na masu zaɓe ne. Sashe na 30 ya tanadi cewa mutanen da sunayensu ke cikin rajistar masu zaɓe ta mazaɓar ne za su gabatar da ɗan takara a rubuce, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya gabatar da fiye da ɗan takara ɗaya kan kujera ɗaya ba. Misali, mai rajista a mazaɓar Sintali da ke ƙaramar hukumar Jalingo, idan ya sa hannu a fom ɗin wani mai neman kujerar majalisar dokokin jiha, ya zama “nominator”, kuma ba shi da damar sa wa abokin hamayyarsa hannu. Zaɓen kansilan Sintali da na shugaban ƙaramar hukuma kuwa, hukumar zaɓe mai zaman kanta ta jihar ce ke gudanar da su bisa dokar jiha.

Shari'ar gwamnan Taraba

A zaɓen 2015, INEC ta bayyana Darius Ishaku na PDP a matsayin wanda ya lashe kujerar gwamna. Marigayiya Sanata Aisha Jummai Alhassan ta APC, wadda aka fi sani da Mama Taraba, ta garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Ranar 7 ga Nuwamba 2015 kotun ta soke nasarar Ishaku, bisa hujjar cewa PDP ba ta tsayar da shi ta hanyar da doka ta tanada ba, domin an yi zaɓen fidda gwaninta a Abuja ne maimakon Jalingo, babban birnin jihar.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci ranar 31 ga Disamba 2015, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da Ishaku ranar 11 ga Fabrairu 2016. Matsayar kotunan biyu ita ce, yadda jam'iyya ta tsayar da ɗan takararta lamari ne na kafin zaɓe, kuma wanda ya shiga zaɓen fidda gwanin ne ke da hurumin ƙalubalantarsa, ba ɗan wata jam'iyya ba.

Shekara bakwai bayan haka, ɗan gida ne ya kai ƙara. David Sabo Kente, wanda ya nemi takarar gwamna a APC, ya ƙalubalanci tsayar da Sanata Emmanuel Bwacha. A farkon Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen fidda gwanin, jam'iyyar ta sake wani cikin watan, Bwacha ya sake samun tikiti, amma Agbu Kefas na PDP ne ya lashe babban zaɓen a watan Maris.

A Zamfara abin ya fi haka tsanani. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta gudanar da sahihin zaɓen fidda gwani ba, ta ɗauki ƙuri'unta a matsayin ɓatattu, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna.

A fagen naɗe-naɗe

Sashe na 147 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce shugaban ƙasa zai naɗa minista ne bayan Majalisar Dattawa ta amince da sunan da ya gabatar. Sashe na 192 ya yi irin wannan tanadi ga kwamishinoni da majalisun dokokin jihohi.

A watan Agusta 2023 Majalisar Dattawa ta amince da mutum 45 daga cikin 48 da Shugaba Bola Tinubu ya gabatar, ta jingine uku: Nasir El-Rufai daga Kaduna, Stella Okotete daga Delta da Sani Abubakar Danladi daga Taraba. Kafin nan, fadar shugaban ƙasa ta janye sunan Maryam Shetty daga Kano, ta maye gurbinta da Mariya Mahmoud. Duk rahoton da ya ce an “naɗa” waɗannan mutane huɗu ministoci a ranar da aka miƙa sunayensu, ya riga malam masallaci.

A zauren majalisa

Wajen zaɓen shugabannin majalisa, wani mamba kan miƙe ya gabatar da suna, wani ya mara masa baya, abin da ake kira “second”, sannan wanda aka gabatar ya amsa. Haka aka yi ranar 13 ga Yuni 2023, lokacin da Tajudeen Abbas, wakilin Zariya, ya zama kakakin Majalisar Wakilai da ƙuri'a 353.

Fassarar da ta dace

Idan jam'iyya ce ta yi aikin, a ce “ta tsayar da shi takara”. Idan shugaban ƙasa ne ko gwamna, a ce “ya miƙa sunansa ga majalisa”. Idan a taro ne, a ce “ya gabatar da sunansa”. Idan lambar yabo ce, a ce “an sa shi cikin jerin waɗanda za a fitar da gwani”. Kalmar “naɗa” kuwa a ajiye ta sai an rantsar da mutum ko an ba shi takardar kama aiki, “zaɓa” kuma sai an ƙidaya ƙuri'a.