Maƙera Mai Tafiya: Tarihin Ƙira a Jos da Amalanken da Muka Haɗa a Laranto

  

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani ɗan abu ne da ya faru a wajen walimar sauka a wata Islamiyya nan Laranto. Wani dattijo daga cikinmu ya ɗaga fartanya ya tambayi yara, wa ke yin wannan? Wani ya ce kamfani, wani ya ce daga Caina ake kawowa. Yaro ɗaya ne kaɗai ya ce maƙeri, shi ma da aka ce ko ya taɓa ganin maƙeri yana aiki sai ya girgiza kai. Muka yi dariya, amma da muka koma rumfunanmu sai dariyar ta koma tunani. Garin da aka gina a kan diga da shebur da garma, a ce 'ya'yansa ba su san hannun da ke gyara su ba? To, wannan ne mafarin aikin da za mu ba ku labarinsa. Amma kafin nan bari mu waiwaya baya, domin waiwaye adon tafiya ne.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, ta girmi kowane gari da muke ciki a yau. A wajen haƙar kuza ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok, na farko a 1928, daga baya kuma aka kawo wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kai wajen 1943. Shi wannan Bature shi ya kafa Gidan Tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, kuma shi ya tona wani wuri da ake kira Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960. Can ya tarar da matoyan narka tama waɗanda masana suka ce sun haura shekara 2,000. A ƙasar Hausa ma haka abin yake. An samu alamun narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin Kano ya kawo labarin Abagayawa, cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano wanda ya zo daga Gaya neman tama. Ka ga ke nan babban birnin Hausa ma da sunan maƙeri ake kiransa.

A nan dole mu faɗi gaskiya, ba mu muka kawo ƙira Filato ba. Birom da sauran maƙwabtanmu na kan dutse suna da masu narka tama da maƙeransu tun kafin zuwan Turawa, su ke yi musu garma da mashi. Abin da kakanninmu suka zo da shi irin tasu ƙirar ce, da sanin kasuwa, da kuma sanin dalma. Tun kafin Bature ya ji labarin kuza, mutanen Liruwen Kano, wato Riruwai, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna wanke ta a rafi, su narka, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni masu nisa. Ganin waɗannan tsinkayen dalma ne ya sa Kamfanin Neja ya turo mutanensa su bi sawu tsakanin 1902 da 1904, har Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta. Da kamfanoni suka mamaye filayen kuza, sana'ar narka dalma ta Liruwe ta mutu murus.

Amma maƙerin baƙi bai mutu ba, aiki ma ya ƙaru masa. Dubban leburori suka kwararo daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, Barno da Bauchi. Kowane lebura da diga a hannu, kuma bakin diga ba ya jimawa a dutsen Filato sai ya dakushe. Wa zai wasa? Wa zai sake masa baki? Wa zai yi wa mai tuwo wuƙa, ya yi wa mai jaki ƙarfen kaya, ya yi wa mai doki linzami da likkafa? Kafin jirgin ƙasa, a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai. Sannan ƙaramin jirgi ya iso daga Zariya a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Jirgin nan ya sauya ƙira gaba ɗaya, domin ya kawo ƙarfen Turai da tarin gwangwan. Maƙeri ya daina jiran mai narka tama, ya koma ga guntun dogo da sifirin ɗin mota. Aikin ya yi sauƙi, amma ilmin narka tama ya bi tsofaffi kabari. A zamanin aikin tilas na yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, lokacin da aka kwaso mutane daga ƙauyuka aka zuba su a ramukan kuza cikin sanyin da ya hallaka da yawa, kayan Turai sun yi wuya, sai gyara a kan gyara.

Mu da aka haifa wajen 1970 mun tarar da ƙarshen wannan zamani. Mun taso muna jin sunan Makeri, kamfanin narka kuza da aka buɗe a farkon shekarun 1960, sunan da a kunnenmu maƙeri yake cewa. Mun ga maƙera a Dilimi da bakin kasuwanni, yaro na zuga, uba na dukan ƙarfe, tartsatsi na tashi. Mun ga wasan maƙera da salla, ana kaɗa musu dundufa suna wasa da jan ƙarfe, Buzaye abokan wasansu na tsokanarsu. Sai kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, kamfanoni suka watse, kayan waje masu araha suka cika kasuwa. 'Ya'yan maƙera suka koma walda da kanikanci da acaɓa. Bayan haka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 da suka tarwatsa unguwanni, kuma mu mutanen Laranto mun san abin da wuta ta yi wa kasuwar Katako a 2008. Wanda ke neman inda zai sa kansa ba ya tunanin adana tsohuwar masaba.

Wani zai ce ai akwai Gidan Tarihi. Gaskiya ne, kuma muna alfahari da shi. Can za ka ga gumakan Nok, da tsohon kan jirgin Zariya, da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Amma ƙira ba abin kallo a cikin gilashi ba ce. Fartanya a rataye ba ta gaya wa yaro komai. Sai ya ji zafin wuta a fuskarsa, ya ji numfashin zugazugi, ya ga baƙin ƙarfe ya yi ja ya yi laushi kamar ƙullu, sannan zai gane. Kuma yara nawa ne daga Laranto, Gangare, Unguwar Rogo ko Rikkos ake kai wa can? Sai muka ce, in yaro bai je maƙera ba, to maƙera ta je wurin yaro.

Kada wani ya ɗauka wannan bidi'a ce ta Turawa. Haƙiƙa a Amurka da Ingila akwai masu ɗora maƙera a kan ƙaramar tirela suna zagaya bukukuwan tarihi, kuma a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 rundunonin igwa suna da maƙera a kan keken doki mai bin su duk inda suka nufa. Amma maƙerin Hausa ma matafiyi ne tun asali. Uwar maƙerarsa ƙarama ce mai tsini a gindi, zugazuginsa na fatar akuya ne, duk jaki ɗaya ya ɗauke. Da rani ya bi kasuwannin ƙauye, ya bi fatake, ya bi mayaƙa. Haka da yawa daga kakanninmu suka hau dutsen nan. Jaki kawai muka musanya da taya.

Yanzu ga yadda aikin ya gudana. Muka haɗa kuɗi a tsakaninmu, 'yan katako da 'yan hatsi da 'yan gwangwan. Muka sayi ƙafafun baya na wata tsohuwar akori-kura da sifirin ɗinta, mai walda ya ɗora mata firam. Da yake mu mutanen katako ne, sai muka shimfiɗa daɓen katako mai kauri, muka ɗora farantin ƙarfe a inda wuta za ta zauna, muka ce shi ke nan. Ranar gwaji ba a yi rabin awa ana zuga ba sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashi. Farantin ya ɗauki zafi ya miƙa wa katako. Allah ya taimaka akwai bokitin ruwa kusa. Kunya ta kama mu, domin in akwai waɗanda ya kamata su san tsakanin wuta da katako, ai mu ne.

Wannan ya kai mu ga abin da ya kamata mu fara da shi, wato zuwa wurin mai sana'a. Muka je wurin wani tsohon maƙeri wanda shekarunsa sun kusa 80, muka ɗauko shi. Ya zagaya amalanken shiru, sannan ya ce, "Alhaji, ku kun gina wa Bature maƙera. Ni tun da aka haife ni ban taɓa ƙira a tsaye ba. Maƙeri a zaune yake, ƙafarsa ma hannu ce." Muka ce, "Baba, ai don mutane su hango ne muka ɗaga." Ya ce, "In kun ɗaga ni, abin da za su hango ba shi ne abin da kakansu ya yi ba."

Nan fa gardama ta tashi a tsakaninmu har ta kai mako biyu. Matasa suka ce a bar shi a sama, a sa fankar zuga ta ƙafar keke irin wadda maƙeran yanzu ke amfani da ita, ya fi sauri. Dattawa suka ce in sauri ake so a je wurin mai walda, mu tarihi muke son nunawa. Daga ƙarshe maganar Baba aka bi. Amalanke ya zama jaki, ɗaukar kaya ne aikinsa. Murhu ya koma wani kasko na ƙarfe mai faɗi da aka cika da yumɓu da ƙasar suri, mutum huɗu su sauke shi ƙasa. Aka kafa uwar maƙera a cikin gungumen itace mai nauyi, a tafiya kuma a ɗaure shi daidai kan taya don kada nauyi ya rinjayi gaba ko baya. Aka ɗinka zugazugi biyu na fatar akuya, aka yi musu bakin yumɓu. Aka yi akwati na masaba da awartaki da kurfi da magagari, da wani na gawayi, Baba kuma ya ce in dai da hali na ƙirya za a nema, domin shi ke riƙe wuta. Gefen amalanken yana buɗewa ya zama allo, an jera garma, fartanya, lauje, gatari, sungumi, dagi da tsohuwar diga, kowanne da sunansa a boko da ajami. Fankar matasa ma ba a yar ba, an ajiye ta gefe don yara su ga jiya da yau. Sannan ga bokitin ruwa, ga na yashi, ga igiyar da ke tsare yara nesa da tartsatsi.

Ranar da muka fara kai shi Islamiyyar nan da aka yi tambaya, wani malami ya tsokani Baba da hadisin da ya misalta mugun aboki da mai zuga, wanda ko ya ƙona maka tufa ko ka shaƙi wari. Baba ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta malam, misali ne aka buga, kuma gaskiya ne, a matsa baya. Amma a gaya wa yara akwai sura guda mai sunan ƙarfe, kuma Annabi Dawuda, alaihis salam, an tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke." Daga nan ya ɗauki guntun sifirin, ya sa a wuta, kafin a kira la'asar ya zama lauje. Yaron nan da ya ce Caina shi ya yi zuga, har hannunsa ya gaji bai yarda ya ba wani ba.

'Yan'uwa, ba mu ce amalanke zai dawo da zamanin da ya wuce ba. Abin da ke damunmu shi ne, Baba mutum ɗaya ne, kuma idonsa ya fara rauni. Amalanke ba maƙeri tarin gwangwan ne kawai. Saboda haka muna roƙon abu uku. Duk wanda ke da tsohon kayan ƙira ko na haƙar kuza a gida, kada ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, ya kawo a rubuta sunansa da tarihinsa. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa da suka ga zamanin kuza, ya zauna da su ya ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Na uku kuma, wanda ya fi nauyi, muna neman samari ko da biyu ne, musamman 'ya'yan gidan ƙira, da za su zauna gaban Baba su koya. Sana'a sa'a ce, kuma wanda ya iya ƙira ba ya kwana da yunwa muddin ana noma.

Haka nan muna miƙa hannu ga maƙwabtanmu. In akwai makaranta ko unguwa da ke son a kawo, ko wani tsohon maƙeri na kan dutse da zai zo ya nuna irin tasu garmar, ƙofa a buɗe take. Ƙarfe bai san ƙabila ba, wanda ya iya shi yake bi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha sanyi da zafi a kan dutsen nan, ya ba mu zaman lafiya, ya sa 'ya'yanmu su fi mu sanin asalinsu.