Bolt Biyu da Maɓallin Murya: Abin da Muka Gani Tun Zuwan CD

Duk wanda ya yi aikin haɗa kayan sauti kafin zuwan faifan CD ya san inda maɓallin murya yake zama a wancan lokacin. Rediyo da dek ɗin kaset ba sa fitar da wuta mai yawa, kashi ɗaya cikin uku na bolt ne ko ƙasa da haka, allurar garmaho kuwa abin da take bayarwa bai kai ko kusa da wannan ba. Saboda haka aka ƙera amfilifaya ta riƙa ninka abin da aka ba ta sosai, kuma mai gida yakan murɗa maɓallin har ya kai ƙarfe goma sha biyu ko ɗaya, in ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, kafin ɗaki ya cika. Sai ga na'urar CD ta zo da bolt 2, ninki shida ke nan na abin da aka saba, wato ƙarin kusan desibel 16. Aka jona ta a tsohuwar amfilifaya, maɓallin ya maƙale tsakanin ƙarfe bakwai da tara. Ka taɓa shi kaɗan, gida ya ɗauka. Mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa CD tsawa gare shi, ba shi da taushin garmaho. Wani ɓangare na ƙorafin gaskiya ne, amma kaso mai tsoka nasa ba laifin faifan ba ne, rashin daidaito ne tsakanin abin da na'ura ɗaya ke fitarwa da abin da ɗayar ke jira. Yau fiye da shekara arba'in, kuma har gobe wannan matsalar ce na fi tararwa a falon mutane.

Ita dabarar mayar da sauti lambobi ta girmi CD nesa ba kusa ba. Wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, shi ya fito da ita a 1937 yana aiki a Faris, don wayar tarho, sai dai kayan aikin zamaninsa ba su iya ɗaukarta ba. Sai da kamfanin Philips na Holan da Sony na Japan suka zauna a 1979 zuwa 1980 aka tsayar da ƙa'idar da ta shigo gidaje: a auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo a rubuta shi da bit 16. Wannan adadi mai kama da na ganganci daga kaset ɗin bidiyo ya samo asali, domin a lokacin a kansa ake adana sautin lambobi, awo uku a kowane layin hoto, kuma lissafin ya faɗa kan 44,100 a tsarin talabijin na Turai da na Japan baki ɗaya.

Wurin da labarin ya fi ba ni sha'awa shi ne gardamar bit. Aikin majuyi, wato na'urar da ake sayarwa da sunan DAC, shi ne ya karɓi lambobin nan ya mayar da su wutar da amfilifaya za ta iya ninkawa. Philips ya riga ya ƙera nasa majuyin, TDA1540, a kan bit 14, yana ganin ya wadatar. Sony ya dage sai 16, kuma shi ya yi rinjaye. Injiniyoyin Philips suka tsinci kansu da majuyin da ya gaza da bit biyu, ga lokaci ya ƙure. Maimakon su zubar da shi, sai suka sa matatar lissafi a gabansa wadda ke ninka yawan awon sau huɗu, ta kuma tura hayaniyar da gazawar ta haifar can sama inda kunne ba ya kaiwa. Da haka bit 14 ya yi aiki kusan daidai da 16. Shi kuwa CDP-101 na Sony, wanda ya fito a Japan a 1 ga Oktoba 1982, majuyi ɗaya gare shi mai bit 16 yana yi wa hagu da dama aiki bi da bi, har ɗaya ɓangaren yana makara da kusan kashi 11 cikin miliyan na daƙiƙa, sannan ga matata mai tsananin yanka a bayansa. A takarda Sony ne ya yi nasara. Amma hanyar da Philips ya bi don dole ita ce kowa ya koma kanta. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 an tsawaita ta har an kai ga majuyai masu bit ɗaya tak da ke gudu da saurin gaske, Philips ya kira nasa Bitstream, Technics ya kira nasa MASH, kuma kusan duk majuyin da ke cikin waya ko talabijin a yau jikan wannan tunani ne.

A tsakiyar shekarun 1980 aka fara sa wa na'urorin CD ƙofar fitar da lambobi tsagwaronsu, ko ta waya a tsarin S/PDIF, ko ta igiyar haske ta Toslink da Toshiba ya ƙirƙiro. Nan kasuwar majuyi mai zaman kansa ta buɗe, irin Black Box da Arcam ya fitar a Ingila. Mu masu sana'a mun yi murna, don akwati ɗaya ya zama biyu. Sai aka gano cewa raba su ya zo da nasa ciwon: majuyin dole ya tsinto agogonsa daga cikin wayar da ke kawo lambobin, kuma idan agogon na rawa, lamba daidai za ta fito a lokacin da ba daidai ba. Marigayi Julian Dunn ya yi aiki mai yawa wajen auna wannan rawa a farkon shekarun 1990. An shawo kanta, musamman da aka zo da tsarin USB inda majuyin ne ke riƙe da agogo, kwamfuta tana turo masa gwargwadon buƙatarsa. A yau duk wanda ya ce maka rawar agogo ce matsalar majuyinka na zamani, mai yiwuwa waya mai tsada yake son sayar maka.

Shigowar kwamfuta ce ta mayar da murya abin gardama. A da maɓalli ɗaya ne, a jikin amfilifaya. Yanzu akwai na manhajar kiɗa, akwai na Windows, akwai na majuyi, sannan na amfilifaya. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: kowane bit ɗaya daidai yake da desibel 6. Bit 16 na ba da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙarfin sauti da hayaniyar ƙasa. Idan ka rage murya ta hanyar lissafi da desibel 30, kuma abin da zai fita ya tsaya a bit 16, ka zubar da bit biyar, saura 11. Kwamfutocin zamanin Windows XP haka suke yi, wani lokacin ma su sauya yawan awon ba tare da an tambaye su ba, kuma ana jin ɓarnar a wutsiyar sauti, inda amon kalangu ko na gurmi ke dusashewa. Daga nan dokar nan ta fito da muka yi ta koya wa yaranmu na shago: ka bar na kwamfuta a 100, ka rage a amfilifaya.

Dokar ta yi daidai a zamaninta, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke mata dariya yanzu. Amma ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta. Manhajojin yau da bit 32 ko 64 suke lissafi, su miƙa wa majuyi bit 24. Waƙar da aka ɗauka a bit 16 tana da sararin bit takwas a ƙarƙashinta, kusan desibel 48, kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin nata. Abin da ya rage shi ne hayaniyar majuyin kansa, wadda ba ta sauka idan ka rage ta lissafi. Majuyi mai kyau yana da tazarar desibel 120 ko fiye. Ka rage 30, saura 90, ba kunnen da zai kama wannan a falon da fanka ke juyawa. Ka rage 60 don amfilifayar ta fi ƙarfin ɗakin, to shuuu zai fara leƙowa daga lasifika. Shi kuma maɓallin murɗawa ba waliyyi ba ne. Layukan gawayi biyu ne a cikinsa, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma a can ƙasa, wajen ƙarfe bakwai zuwa takwas, ba safai suke tafiya tare ba, sai ka ji mawaƙi ya koma gefe guda. Ko sanannen nan na Alps mai shuɗin jiki, da ake samu a amfilifaya masu tsada, a tsakiya ya fi gaskiya. Mun dawo kan bolt biyun nan ke nan.

Akwai kuma abin da ya sa 100 ɗin ma ba lallai ya zama daidai ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin kiɗa suka shiga tseren wa ya fi ƙara, ana matse waƙa har ta manne da rufin lambobi. Kundin Death Magnetic na Metallica a 2008 ya zama abin misali, har masoyan ƙungiyar suka yi ta kuka da shi. Masu haɗa waƙoƙinmu a situdiyo su ma sun bi sahu, don waƙa ta yi fice a lasifikar waya da ta masu turi a kasuwa. Irin wannan waƙa idan matatar majuyi ta zo cike tsakanin awo da awo, igiyar takan haura rufin, wani lokacin har da desibel 3, kuma majuyin da bai bar sarari ba sai ya datse kan, murya ta yi kaushi. Maganin mai sauƙi ne: a rage desibel 3 zuwa 4 ta lissafi kafin sautin ya isa majuyi. Tsarin ReplayGain da David Robinson ya gabatar a 2001 yana yin haka a kaikaice, haka ma daidaita ƙarar waƙoƙi da Spotify ke yi a kan ma'aunin -14, wanda ya tsiro daga ƙa'idar auna ƙara ta ITU ta 2006. Ina ba kowa shawarar ya bar wannan daidaita ƙarar a kunne.

Idan aka kira ni haɗa majuyi a gida, abin da nake fara tambaya shi ne wane maɓalli ne zai zama sarki, domin jirgi ɗaya ba ya ɗaukar matuƙa huɗu. In akwai amfilifaya mai nata maɓallin, sai in sa majuyin a tsayayyen fitarwa, kwamfuta ko waya ta zauna kusa da sama, sannan in duba inda maɓallin ke tsayawa a sauraron yau da kullum. In bai wuce ƙarfe tara ba, wutar ta yi yawa: ko a zaɓi ƙaramin mataki a majuyin in yana da shi, ko a sa 'yan maragan nan na desibel 10 da ake ɗaurawa a bakin waya, har maɓallin ya koma tsakanin goma da biyu. In kuwa majuyin ne zai shiga kai tsaye cikin amfilifayar da ba ta da maɓalli, nan nake taka-tsantsan ƙwarai. Sautin yakan yi tsabta, amma babu komai tsakanin kuskuren manhaja da lasifika. Wasu na'urorin idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita sukan farka a cikakkiyar murya, kuma na canza ƙananan sifikun sama da suka ƙone ta wannan hanya ba sau ɗaya ba. A inda wuta ke zuwa tana tafiya, dole a gwada wannan da gangan, a zare a mayar, kafin a bar gidan. Amfilifaya ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa.

Tun da Apple ya cire ramin abin sauraro daga iPhone 7 a 2016, majuyi ya koma cikin 'yar guntuwar waya mai tsawon yatsa, kuma da yawansu sun fi na'urorin 1982 tsabta a awo. Wannan ya sa nake roƙon duk wanda zai kwatanta majuyai biyu kafin ya fitar da kuɗinsa ya fara daidaita ƙararsu da mita, ba da kunne ba. A sa amo guda mai zagaye 1,000 a daƙiƙa, a auna bolt a bakin lasifika, a daidaita har bambancin ya gaza kashi ɗaya cikin ɗari. Majuyin da ke fitar da bolt 2.2 zai doke mai bolt 2 a kunnen kusan kowa, alhali tazarar ba ta kai desibel ɗaya ba, kuma mai sauraro ba zai ce ya fi ƙara ba, cewa zai yi ya fi zurfi da faɗi.